Ƙurajen Baba da Ɓarakar Sahun Gaba

Da sunan Allah nake farawa, kuma tun yanzu ku sani ni ba ni da haƙurin zagaye-zagaye. Ranar sadakar arba'in ɗin Babanmu wata mata ta ja ni gefe, ta ce an ɗora mijinta a kan irin ƙwayar da Baba ya sha, ga fuskarsa ta fara fesowa, wai ko su daina? Na ce kada ta kuskura. Ta ce don me? Gida cike da mutane, tukunya na jirana a murhu, ban samu na yi mata bayani ba. To ga bayanin, ita da duk wanda Allah ya jarraba da irin abin da ya same mu.

Baba, Malam Sale, hatsi yake sayarwa a kasuwar Daura. Bai taɓa sa taba a bakinsa ba. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa ba ya kiran sunana sai dai ya ce "Uwata", ni kuwa na riƙi sarautar da gaske. Abin da yayyena maza ba sa iya faɗa masa, ni nake faɗa. Na gama sakandare ke nan ina zaman gida tari ya kama shi. Watanni ana ba shi maganin tarin tibi, yana sha yana ƙara ramewa. Sai da aka tura mu babban asibiti a Kano, aka ɗauki hoton ƙirji, aka ɗebi ɗan nama aka aika gwaji, sannan aka ce ciwon daji ne a huhu. Ni aka ce in riƙa binsa, don ni ke karanta takardar magani, kuma ba na jin nauyin tambaya.

Wanda bai taɓa bin layin asibitin nan ba ya gode wa Allah. Mu bar Daura bayan sallar asuba, mu isa a ce kati bai fito ba, kati ya fito a ce likita ta shiga taro. Ranar farko na ɗaga murya a tagar masu kati har Baba ya ja mini hijabi.

"Uwata, a wurin mutane muke."

Na ce, "Mu ma ai mutane ne, Baba."

Amma likitar da muka samu, Allah ya saka mata da alheri duniya da lahira. Ba ta da gaggawa irin tawa. Ta ce ciwon Baba irin wanda aka yi wa ƙwaya ta musamman ne, ba sai an yi masa ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi ba. Ƙwaya ɗaya kullum da safe, tana zuwa ta toshe hanyar da ciwon ke bi yana girma. Sai dai fatar mutum ma da wannan hanyar take gyara kanta, don haka za mu ga ƙuraje. Maganarta guda ta zauna mini daram: "Ƙurajen ba ciwon ba ne, hayaƙin maganin ne. Ba a ɗaukarsu, ko kwano ɗaya kuke ci. Kuma duk yadda suka kai, kada ya daina sha sai da sanina. In sun yi yawa ku zo, ni na san yadda zan rage masa." Ta ce ban da ruwan zafi, ban da sabulu mai ƙarfi, ban da zama a rana, a yawaita shafa mai. Ta rubuta mini lambar wayarta a bayan kati.

Ƙwayar ba ta kyamis ɗin gari ba ce, sai an yi oda. Shanun Baba da ke kiwo wajen garin Dutsi su suka fara tafiya. Ba zan faɗi kuɗin ba, mai saye zai ji da kunnensa.

Makon farko shiru. A na biyu sai ga 'yan ƙuraje a hanci da goshi, irin na samari. Inna, mahaifiyarmu, ta dube shi ta ce, "Malam, balaga ta biyu ce?" Ya yi dariya har tarin ya sarƙe shi. Kafin wata ya cika dariya ta ƙare. Sun bi gemu, sun bi ƙeya, sun sauka ƙirji da baya, kowanne da farin kai, ga ƙaiƙayi ga raɗaɗi kamar an watsa masa barkono. Amma ku ji wannan da kyau: a daidai lokacin tarin ya fara lafawa. Mutumin da ba ya iya kwanciya sai a jingine ya koma kwanciya a miƙe a tabarma, ya fara neman ƙarin tuwo.

A wata na biyu fatar ta bushe ta tsattsage kamar fadama da rani. Kan yatsunsa ya dare, dugadugansa suka yi faso har jini, gefen farce ya kumbura ya yi ja yana ruwa. Ba ya iya kwance bakin buhu, ba ya iya jan carbi. Alwala kuwa, duk lokacin da ruwa ya shiga tsagar nan sai in ga ya runtse ido.

Sai ga Gwaggo Lanti, yayar Baba, ta iso daga garin Babban Mutum da ƙunshin ganyen darbejiya da sabulun salo. Tana ganinsa ta ce, "Alhamdu lillahi, ciwo ya fito! Abin da ya fito waje ai ya bar ciki. A taimaka masa ya gama fitowa." Ta ɗora tukunya ta tafasa ruwa kamar za a yi wa mai jego wanka, ta ce a dirje shi da salo, da safe kuma a shimfiɗa masa tabarma ya sha hantsi.

Na ce, "Gwaggo, duk abin da kika lissafa likita ta hana."

"Ke 'yar boko, rufe mini baki. Ni na yi jinyar ubanki yana ƙyanda, uwarki ko hanyar rijiya ba ta sani ba."

"Wannan ba ƙyanda ba ce."

"To mene ne, uwar likitoci?"

Baba ba ya musu da yayarsa, Inna ba ta musu da dangin miji, aka bar ni ni kaɗai ina haushi. Aka yi yadda Gwaggo ta ce. Kafin mako ya zagayo fuskar Baba ta yi jawur ta kumbura, ko hula ba ya iya sawa. Muka koma Kano. Likita ba ta yi faɗa ba, ta ƙara masa wata ƙwaya ta kashe ƙurajen da suka yi ruwa, da man shafawa, ta sa aka naɗe masa yatsun da suka fi tsagewa. Zan yi wa Gwaggo adalci: man kaɗanyar da ta kawo, likita ta shinshina ta ce wannan kam a ci gaba da shi. Ni nake shafa masa a hannu da ƙafa bayan kowace alwala, kuma ya fi man kanti zama a fatarsa.

Duk wannan hidimar idona na kan fata, ban lura da abin da ke faruwa a ƙofar gida ba. Masallacin unguwarmu katanga ɗaya ta raba mu da shi, lasifikarsa gidanmu take kallo, na sha yin mita a kanta. Tun kafin a haife ni Baba a sahun gaba yake tsayawa, daidai bayan liman, a damansa kuma Malam Isuhu tela. Isuhu Babarbare ne, Baba Bafillace, kun san wasan da ke tsakani. Kullum bayan la'asar yana zaurenmu, wannan ya ce wa wancan bawana, wancan ya ce kai ne dai bawa. Na ga Isuhu ya ɗauke ƙafa, na ɗauka ɗinki ne ya yi masa yawa. Na ga Baba ya fara fita da butarsa daga gida, na ɗauka don ruwan ɗumin da nake sirka masa ne. Ashe a gari an gama yanke hukunci. Wasu na cewa kuturta ce, wasu na rage murya su kira ciwon da ya fi wannan muni a bakin mutane.

Can sai fatar ta fara washewa. Ƙurajen suka bushe, suka bar baƙin tabo. Gwaggo, wadda ba ta daina ba shi jiƙe-jiƙenta a ɓoye ba, ta riƙa zagaya tsakar gida tana cewa, "Ina 'yar bokon? A kira ta ta gani." Mata suka shigo barka. Ni ma na yi murna, ba zan yi ƙarya ba. Sai wata rana da azahar ina wanke-wanke na jiyo tari daga zaure, busasshe, mai ja, irin wanda na san muryarsa kamar ta ɗan gidanmu. Na tsaya da kwano a hannu. Hayaƙi ya ɗauke, tari ya dawo. Likita ta taɓa ce mana ƙurajen kan lafa da kansu in an daɗe, amma ba ta ce tari zai biyo baya ba. Sai na tuna kwanakin nan duk in na kai masa ƙwayar sai ya ce, "Ajiye nan, sai na gama lazimi."

Ko hannu ban goge ba na shiga zaure.

"Baba, ina maganin?"

Bai yi mini ƙarya ba, Baba ba ya ƙarya. Ya sa hannu a aljihun gefen rigarsa ya fito da ɗan gwangwanin da yake ajiye goron baƙi. Ƙwayoyin suna ciki.

"Ban zubar ba, Uwata. Na san shanu ne."

"Shanun nake tambaya? Kai nake tambaya! So kake ka mutu?"

"Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya, amma ki ji." Ya daɗe yana kallon yatsunsa. "Tun ina saurayi kafaɗata ba ta taɓa rasa kafaɗa a sallah ba. Yanzu in na tsaya, dama iska, hagu iska. Filin da ake bar mini, akuya za ta wuce da ɗanta. Butar masallaci da na taɓa, na dawo na tarar an jingine ta bayan katanga ita kaɗai. In na miƙa hannu, sai mutum ya dafe ƙirji ya ce sannu Malam. Isuhu ya koma sahu na uku."

Na ce, "Don wannan za ka bar magani? Gara a guje ka kana da rai."

"Ke yarinya ce. Mutuwa ai kowa zai yi, da magani da babu. Abin da nake tsoro in mutu ana guduna. Wa zai wanke ni? Da sanda za a juya ni?" Ya mayar da murfin gwangwanin. "Kin ga sun fara bushewa. Saura kaɗan. In tabon ya tafi za su matso."

"In tabon ya tafi kai ma ka tafi."

Ya ce, "To Allah ya sa a matso kafin nan."

 Na gane ba da ni yake gardama ba, kuma ko likita ta zo da kanta ba za ta iya ba shi abin da yake nema ba. Abin yana cikin masallaci, inda ni ba ni da wurin tsayawa.

Na gaya wa Inna zan je wurin liman. Ta riƙe baki. "Budurwa? Wurin Malam Habu? Kada ki ja mana abin faɗa." Na ce abin faɗa ai an riga an faɗa. Bayan la'asar na zura hijabi na shiga gidansa ta wurin matarsa. Ta fara yi mini ina-gajiya da ina-mai-jiki, na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, Malam nake so yanzu." Ya shigo, tsoho ne mai sanyin magana. Na durƙusa na gaishe shi, na zayyana masa komai, har gwangwanin goro.

Ya ce, "Ikon Allah. Ni ban taɓa ganin wata ɓaraka a bayana ba. Kullum sai na ce a daidaita sahu."

"Allah gafarta Malam, yaya za ka gani? Kana faɗa ne ka ba su baya."

Matarsa ta ce, "Ke!" Shi kuwa ya shafa gemu.

"Kin tabbata ba a ɗauka?"

Na fito da hannuwana daga cikin hijabi na shimfiɗa masa. "Da waɗannan nake shafa masa mai sau biyar a yini, wata da watanni. Duba." Sannan na kira likita, Allah ya sa ta ɗauka, na miƙa masa wayar. Ya saurara yana cewa "na'am, na'am". Da ya dawo mini da ita ta ce in Baba ya yarda ya koma sha gobe da safe, kuma in kawo shi cikin makon. Malam Habu bai ce mini zai yi komai ba. Cewa ya yi, "Je ki gida, 'yata. Allah ya yi miki albarka." Na fito ina cizon yatsa, ina cewa a raina albarka na zo nema?

Magariba ta yi, Baba ya ɗauki butarsa ya fita. Ni da Inna da Gwaggo muna tsakar gida muna alwala. Lasifika a kunne. Aka tayar da iƙama, muka ji Malam Habu ya faɗi abin da ya saba: "A daidaita sahu, a haɗa kafaɗa, a toshe ɓaraka." Kullum yana rufe baki kabbara ke biyowa. Ranar sai shiru. Shirun ya yi tsawo har Inna ta ɗago da ruwa a tafin hannunta.

"Na ce a toshe ɓaraka. Yau na juyo, ina kallo."

Shiru. Sai tarin Baba, kusa da makirufo, duk unguwa ta ji.

"Jama'a, magariba ba ta da dogon lokaci. Abin da ke jikin Malam Sale aikin magani ne, ba a ɗauka, da kunnena na ji daga bakin likitarsa. In babu mai matsowa, ni zan koma gefensa in tsaya, wani ya fito ya ja mu."

Gwaggo ta ce, "La ilaha illallahu." Ni kuwa na san in aka tashi a haka, na ƙara tona wa Baba asiri ne a lasifika, kuma ƙwayar nan ba zai sake kallonta ba. Muka ji motsin tabarma, kamar mutum na ratsa sahu yana cewa gafara, gafara. Sai ga muryar Isuhu:

"Kai Bafillace, matsa mana! Ramamme da kai ka cinye wurin mutum uku."

Muryar Baba ta biyo baya. "Sai yau bawa ya tuna da ubangidansa?"

Wani ya tuntsire da dariya aka yi masa tsawa. Tabarma ta ƙara motsi ta ɗaya gefen. Sannan Malam Habu ya ce, "Allahu Akbar."

Inna ta sake alwala daga farko, ta ce ta manta inda ta tsaya.

Tare suka dawo zaure. Na kai musu ruwa, Isuhu ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce jika aka haifa masa, jariri a gida, aka yi ta tsorata shi. "Amma dai ban kyauta ba, uwar Bafillace." Na buɗe baki zan ba shi amsar da na daɗe da tanada, Baba ya ce, "Uwata." Na haɗiye. Da safe ban kai ga tambaya ba ya miƙo mini gwangwanin ya ce, "Kawo ruwa, ki tsaya ki gani."

Bayan kamar mako biyu ƙurji ya fito masa a gefen hanci. Ban taɓa murnar ganin ƙurji ba sai ranar. Na kira Gwaggo na ce ta zo ta gani, ta ce, "Allah ya shirye ki." A wannan karon ba su yi muni irin na farko ba, don mun riga mun koyi zama da su. Malam Habu ya gaya masa yatsan da aka naɗe ya shafa a kan ƙyallen kawai, alwalarsa ta yi.

To 'yar'uwata mai miji, da ku sauran, ga abin da zan ce. Kada a daina ƙwayar don fata, a koma wurin likita. A sirka ruwa, a bar salo, a bar shan hantsi, a sa malafa in za a fita, a shafa mai tun fatar ba ta tsage ba. Wannan duk likita za ta gaya muku. Abin da ba za ta gaya muku ba shi ne: tun kafin ƙurji na farko ya fito, ku je ku gaya wa limaminku da maƙwabtanku da abokan cin tuwonsa abin da za su gani. Mu mun yi ta jinyar fata, ashe wurin da ya fi yi masa ciwo ba ya jikinsa.

Baba ya ƙara ganin damina biyu. Ya koma rumfarsa a kasuwa, ya aurar da yayana, ya yi azumi a sahun gaba. Daga baya ƙwayar ta daina riƙe ciwon, kamar yadda likita ta faɗa mana tun farko cewa wata rana za a kai nan. Ya rasu bayan an gama girbi, da hantsi, kansa a cinyar Inna. Allah ya jiƙansa, ya sa ciwon ya zama kaffara.

Ba a nemi mai wanka ba. Kafin yayyena su gama shawara Isuhu ya riga ya naɗe hannun riga. Na ɗora ruwa na kai ƙofar ɗakin na ajiye. Ya sa yatsa a ciki, ya ɗago ya dube ni, idonsa jawur.

"Uwar Bafillace, ƙaro na sanyi ki sirka. Kin san fatarsa ba ta son zafi."